Ƙararrawar da Baba Ya Ɗaure

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya zaman nesa? Mu nan da sauƙi, maigidana da yara suna gaishe ka.

Tunda ka daina ɗaga wayata na koma takarda da biro kamar 'yar makaranta. Takarda dai ba ka da maɓallin kashe ta.

Jikin Baba yana nan yadda ka sani tun ranar da ya faɗi a shagon makullansa. Ɓarin dama bai dawo ba, magana ba ta dawo ba, fuskar ma ba ta motsi. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci da cokali, ni nake masa aski. Na mayar da gadonsa ɗakin da yake kallon ƙofar gida don ya riƙa samun iska. Makullansa na cire daga ƙugunsa na rataye a ƙusa, don suna ƙuje masa fata.

Na san abin da ya ɓata maka rai. Na kara masa waya a kunne, ka ce, “Baba, ni ne,” ka tambaye ni ko ya yi wani abu, ni kuma na faɗa maka gaskiya cewa ko ido bai ƙifta ba. To Yaya, ni da nake wanke shi kullum ma ba ya ƙifta mini ido.

Likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ya ce duk wanda yake da niyyar ganinsa kada ya yi ta jan ƙafa. Kai kaɗai ne ba ka zo ba. Ka zo. Ba na neman ka zo ka ɗauke mini aiki, ka zo ya gan ka kawai.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumussalam. Takardarki ta iso, an turo ta ta ƙarƙashin ƙofa, har na taka ta da takalmi kafin in gane rubutunki. Ina gaishe ki da ɗawainiya, ina gaida mijinki da yara. Ki yi wa Gwaggo sannu da ƙafa, in har ƙafar ta yarda ta zaunar da ita wuri ɗaya.

Ba wayarki nake gudu ba, shirun nan nake gudu. Na sha shirun Baba yana da lafiya, ban ga dalilin da zan sake shansa ta waya ba.

Kin taɓa tambayata aikin da nake yi, na ce miki kiwo. Ban yi ƙarya ba. Zomaye nake kula da su a ɗakin gwaji na wata makarantar likitoci, can ƙasan bene inda babu taga. Ni nake share keji, in zuba abinci, in aske musu ɗan gashin ƙirji, in manna wayoyin da suke kai bugun zuciyarsu cikin na'ura. Daga nan a sa zomo a akwati kansa a waje, a kaɗa masa wata siririyar ƙara, tiii, sai a feso masa iska a ido. Iskar ba ta ji masa ciwo, amma ba ya son ta. Aka yi ta maimaitawa, sai ya koyi cewa ƙara tana zuwa da iska. Da ya ji tiii zai runtse ido tun iskar ba ta zo ba, a fuskar na'ura kuma ka ga zuciyarsa ta rage gudu, kamar mai tafiya da ya ji motsi a ciyawa.

Ƙananan zomaye nan da nan suke koya. Tsofaffin sai a yi ta fama. Abin da shugabar ɗakinmu take son ganewa ke nan, wata mata da muke ce wa Dakta: me tsufa yake yi wa zuciya da jiki har su daina ɗaukar darasi. Akwai wani tsoho a kejin ƙarshe, kunnensa ɗaya a karye, na sa masa suna Dattijo. An kaɗa masa ƙarar nan har ni na fara jin ta a barci, shi kuwa ido a buɗe tar, yana kallon bango. Duk ranar da na ɗauko shi, Baba nake tunawa. Babu abin da yake shiga.

Ni kuwa an koya mini da ƙuruciya, kuma na koya da kyau. Mai gadin benenmu yana yawo da tarin makullai a ƙugu. Ga furfura a gemuna, Auta, amma in ya taho ta bayana suna kacau-kacau, sai in miƙe tsaye zumbur ina duba ko na bar wani abu ba daidai ba. Mutumin kirki ne, har lemo yake ba ni. Jikina bai san da haka ba.

Ke yarinya ce lokacin, bari in faɗa miki da bakina. Dokar Baba ita ce da magariba ya rufe ƙofar gida, wanda yake waje ya kwana waje. Ni kuma ina aiki a asibitin dabbobi a ƙarshen gari, ba na tashi da wuri. Sai in iso a kekena, in kaɗa ƙararrawar nan mai tsagaggen murfi, Inna ta zo ta buɗe mini. Da Inna ta rasu, ko kwanon masu ta'aziyya ba a gama mayarwa ba, na koma aiki, na dawo, na kaɗa. Ina hango hasken fitilarsa ta ƙasan ƙofa. Na kaɗa har babban yatsana ya yi zafi. Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Sai na jingina keken a jikin ƙofarsa na tafi da ƙafa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa barinmu da yunwa ba, bai taɓa ɗaga wa Inna hannu ba, duk takalmin da na sa na makaranta daga injin yankan makullin nan ya fito. Amma mutumin da yake da ƙafa da kunne ya ƙi buɗe mini, yanzu da ba shi da ko ɗaya me zan zo in tsaya yi a gabansa? In baro aiki ana tsakiyar gwaji, in ƙetare duniya, in zo a kalle ni yadda Dattijo yake kallon bango?

Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya saka miki.
Yayanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ga kin yi shiru, na san fushi kike yi na haɗa mahaifinki da zomo. Ki yi abinki. Na rubuto ne don na yi wa wani ƙazafi a takardata ta baya, ba na son in bar shi haka.

Jiya ina mayar da Dattijo keji na ce masa, “Kai dai asarar karas ne.” Dakta ta ji ni. Ta ce in ajiye shi in zo. Ta buɗe mini zanen bugun zuciyarsa a na'ura, ta jera na makon farko da na wannan makon, ta ƙara musu girma. Ni da nake tsaye a gefen akwati kullum, idonsa nake kallo, ido kuwa bai taɓa runtsewa ba. Ashe ciki wani abu yana faruwa. Duk sanda ƙarar ta tashi, layin yana ɗan lotsawa. Ƙaramin zomo in ya ji tiii layinsa faɗawa yake yi kamar rami, na Dattijo kuwa ɗan kwari ne kawai wanda sai an nuna maka da bakin biro. Amma yana nan, kuma daidai wurin ƙarar, ba gaba ba baya.

Na ce, “Dakta, to me ya hana shi rufe idon?”

Ta ce, “Da na sani da na tattara na tafi gida. Abin da zan iya ce maka shi ne, ido da zuciya ba tare suke tsufa ba. Kada ka yanke wa tsoho hukunci da fuskarsa.”

Ta ce kuma kada in ɗauka duk tsofaffin haka suke, akwai biyu da ko a zuciyar ba a ga komai ba.

Na koma na ƙara masa ganye. Bai gode ba.

Kada ki ɗauki wannan ki ɗora a kan Baba. Zancen zomo nake yi, zomo kuma ba ya rufe wa ɗansa ƙofa. Na dai ce babu abin da yake shiga Dattijo, kuma ba haka ba ne.

Ki gaida kowa.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Ka ce kada in ɗora a kan Baba. To na ɗora.

Ka san ɗan abin nan da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa ya nuna lambar bugun zuciya? Asibiti suka ce in riƙa duba shi da shi safe da yamma saboda maganinsa. Da na karanta takardarka sai na maƙala masa, na zauna ina kallon lambar maimakon fuskarsa. Na kira sunan Inna, babu. Na kira naka, babu. Na kaɗa makullansa, babu. Har na ce a raina, Yaya da zomayensa sun mai da ni mahaukaciya.

Sai na tuna ɗakin ajiya na bayan gida wanda Baba ya hana kowa shiga. Na gwada makullan nan ɗaya bayan ɗaya har na dace. Yaya, kekenka yana ciki. Tayoyin sun kwanta, gizo-gizo ya yi gida a kwandon. Ƙararrawar kuwa an naɗe ta da tsumma, an bi da wayar ƙarfe an murɗe tam, irin murɗin Baba da sai da filaya. Maigidana ya kwance mini, ya ciro ta daga jikin keken.

Na sa babbar 'yata ta tsaya a wajen ƙofa da ƙararrawar, ni ina gefen gado. Na ce ta kaɗa. Ka san muryarta, kirrin-kes, kamar mai mura. Fuskar Baba ba ta motsa ba, ko gashin ido. Amma lambar ta sauka a gabana, ta tsaya ƙasa kamar mai sauraro, sannan ta dawo a hankali. Na ce ko abin ne ya lalace. Muka bari ya huta, muka sake. Ta sake sauka. Keken mai burodi ya wuce yana ta kaɗa tasa ƙararrawar, lambar ko gezau.

Yaya, yana ciki. Duk watannin nan ina wanke mutum ina cewa ko akwai kowa a gidan, ashe yana ciki yana ji. Kuma ba ni ya amsa wa ba, ni da bayana ya kusa karyewa a kansa. Kai ya amsa wa. Na yi kuka, rabi na murna rabi na haushi.

Yanzu me za ka ce? Ka zo.

Taka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumussalam. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na yarda da abin da kika gani. Kin ma yi dabara da kika lura da keken mai burodi, Dakta da kanta haka za ta yi.

Amma ki tsaya. Kin san me ya sa zuciyar zomo take sauka in ya ji ƙara? Jira yake yi abin da ba ya so ya same shi. Lambar nan ba ta san murna ba, ba ta san baƙin ciki ba. Abin da take cewa kawai shi ne, na san wannan ƙarar, wani abu yana biyo ta. Da za ki maƙala mini abin nan a yatsa mai gadi ya wuce da makullansa, za ki ga tawa lambar ta motsa. Sai ki ce kewar Baba nake yi?

Mutumin da ya samo tsumma da waya ya shaƙe ƙararrawa, ya kulle ta a ɗakin da ya hana kowa shiga, ba na jin don yana son muryarta ne. Wataƙila duk sanda ya ji ta, ɗan da ya ƙi gadon shago ya tafi wankin kashin dabbobi yake tunawa. Kina so in zo in tsaya a kan mutumin da ba ya iya juya kai, ba ya iya cewa a fitar da ni, zuciyarsa tana faɗuwa don baƙin cikin ganina? Ko shi ban so masa haka ba.

Haushin da kika ji kuwa kina da gaskiya. In akwai wanda ya cancanci zuciyar Baba ta motsa masa, ke ce. Ni ban taɓa ɗaga masa ko kofin ruwa ba tun da na tafi. Amma zuciya ba ta duba wanda ya cancanta, abin da aka koya mata take yi.

Ki riƙa hutawa. Ki sa Gwaggo ta karɓe ki ko na yini ɗaya, bakinta dai ba ya gajiya, a gwada hannunta.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kai dai ko zuma aka ba ka sai ka nemo ɗacinta.

Ka ce ni yarinya ce lokacin. Yarinya ce, amma da idona, kuma ina cikin gidan, kai kana waje. Ka taɓa tambayar kanka da wane makulli Inna take buɗe maka? Makullin ƙofar gida ɗaya ne, a ƙugun Baba yake, ko wanka zai shiga da shi yake shiga. Kullum in ya rufe ƙofa ba ya shiga ɗaki, sai ya zauna a kujerar nan ta ƙarfe yana goge makullan mutane da ba sa buƙatar guga. Da ka kaɗa, sai ya zare makullin ya cilla wa Inna a cinya, ya ce, “Je ki buɗe wa ɗanki,” ya shige ɗaki don kada ka gan shi. Kullum haka.

Da Inna ta rasu ka kaɗa, ina zaune a tabarma. Na ga ya zare makullin, ya juya inda take zama, babu kowa. Ya tsaya da shi a hannu. Ka yi ta kaɗawa, shi yana riƙe da makulli yana kallon wurin. Ni tsoro ya hana ni cewa ya ba ni. Da ka daina, sai ya mayar da shi ƙugu. Ranar da ya buɗe da safe ya ga keken, kai kuma ba ka nan, bai je shago ba. Ban taɓa ba ka labarin ba don duk sanda na ɗauko zancen Baba sai ka ce kana da aiki.

Ban ce ya kyauta ba. Na dai ce maka abin da yake biyo ƙararrawar nan a wurinsa.

Yanzu ga abin da yake damuna. Na yi kuskuren nuna wa Gwaggo, ita kuma ta shelanta wa duniya. Kawu ya zo ya gani, abokan Baba na layin shaguna sun zo, har mai kemis ya rufe shago ya zo. Kowa ya shigo sai Gwaggo ta ce, “Auta, kaɗa musu su ga ikon Allah.” Yara ma sun mai da ita abin wasa. Ni kaina, gaskiya, kowace safiya sai na kaɗa, don shi ne kaɗai gaisuwar da nake samu daga wurinsa.

To kwanan nan lambar ba ta sauka kamar da. Da fari faɗawa take yi, daga baya ta koma ɗan motsi, jiya sai da aka kaɗa sau da yawa kafin in ga wani abu, shi ma ban tabbata ba. Na sauya batir, duk ɗaya. Yaya, kai ka san waɗannan abubuwan. Jikin ne yake ƙara lalacewa? Tafiya yake yi?

Ina jiran amsarka.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ki yafe mini ihun da na yi miki a waya. Wata da watanni ban kira ba, ranar da na kira kuma ban ko gaishe ki ba, sai “ki ɓoye ƙararrawar nan” na kashe. Ga bayanin.

A ɗakinmu in an gama koya wa zomo, akwai mataki na ƙarshe. Sai a riƙa kaɗa masa ƙarar ba tare da iska ba. Tiii, babu komai. Tiii, babu komai. Da fari zuciyar tana sauka kamar yadda ta saba, daga baya ta rage, daga baya ta daina. Ya koyi sabon darasi ke nan, cewa ƙarar nan ba ta kawo kowa. Da hannuna nake danna maɓallin, na san yadda layin yake miƙewa.

Ban ce jikin Baba ba ya raguwa ba, wannan likitansa zai faɗa. Amma ki duba abin da aka yi masa. An kaɗa, bai ga kowa ba sai Kawu. An kaɗa, sai mai kemis. An kaɗa, sai jikoki suna dariya. Ba ki yi da mugunta ba, kuma ni na buɗe miki wannan ƙofar da surutun zomayena, na ba ki rabin bayani na riƙe rabi. Na tambayi Dakta, ban ce mata mahaifina ba ne, amma ta kalle ni ta gane. Ta ce mutum ba zomo ba ne, kada in sa ta yi duba. Ta ce a wurin dabbobinta dai, in aka bar ƙarar ta huta wani lokacin amsar takan ɗan farfaɗo, amma ba ta daɗewa sai in abin da ake jira ya biyo baya. Tsoho kuma in ya saki abu, dawo da shi aiki ne, ba kullum ake dacewa ba.

Yanzu na gane tsumman nan da waya. Ko ma mene ne a ransa, ya hana kowa kaɗa ta a banza. Mu da karatunmu mun cinye a 'yan makonni abin da ya adana shekara da shekaru.

Zancen makulli kuwa, na kwana biyu ina juya shi. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya wanke shi ba. Daga kujerar nan zuwa ƙofa taku nawa ne? Yana da ƙafa a lokacin. Ɗansa ne a waje, wanda shi ma uwarsa ce ta mutu. Ya zaɓi ya tsaya da makulli a hannu don bai iya a gan shi yana karya dokarsa ba. Wannan yana nan, ba zai goge ba. Amma duk shekarun nan ina ɗauka mutumin da yake bayan ƙofar zaune yake yana jin daɗin ƙarata. Ban san a tsaye yake ba.

An gama gwajin wannan rukunin ranar Talata. Ba a mayar da zomayen keji bayan an gama, ana yi musu allurar barci wadda ba a tashi, don a duba ƙwaƙwalwarsu. Aikina ne in riƙe su. Na riƙe Dattijo, tafina a ƙirjinsa, babu waya babu na'ura, ina jin abin nan yana bugawa a hankali har ya daina. Na sha yin wannan ban ji komai ba. Ranar sai da na fita na zauna a matakala. Mai gadi ya wuce da makullansa, na miƙe tsaye zumbur kamar kullum, ga haushi ga dariya.

Sabbin zomaye ba za su iso ba sai wata mai zuwa. Na nemi hutu. Ban yi miki alkawarin komai ba tukuna, na dai nema.

Ki mayar da tsumman. In Gwaggo ta matsa, ki ce likitan zomaye ya hana.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama. Na naɗe ta da tsumman, maigidana ya murɗe wayar, na sa ta a ƙasan akwatina. Gwaggo ta yi fushi ta ce an hana ta ganin ɗan'uwanta yana motsi, ta kwana biyu ba ta zo ba, gidan ya yi shiru har da daɗi.

Baba ya rage cin abinci. Cokali kaɗan sai ya rufe baki. Likita ya zo ya duba, ya ƙara magani ya tafi.

Safiya tana yi mini tsawo yanzu da babu gaisuwar. Kullum sai hannuna ya kai kan akwatin in janye. Ban san ko saura wani abu a cikinta ba, kuma ba ni da hanyar sani sai in kaɗa.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. An ba ni hutun. Zan iso ranar Asabar wajen magariba, in Allah ya kai mu.

Kada kowa ya tarye ni, kada Gwaggo ta ji. Ki sa mijinki ya mayar da ƙararrawar jikin keken, ya jingina shi a waje inda na bar shi, tsumman ni zan kwance. Ki rufe ƙofar gida da makulli yadda yake yi. Ki sauko da makullansa daga ƙusa ki sa masa a hannun hagu, mai lafiyar.

Sau ɗaya zan kaɗa. Ki ba shi ɗan lokaci. In bai saki ba, ki zare daga hannunsa ki zo ki buɗe mini.

Abin yatsan kuma ki bar shi a aljihun tebur. Ko ya sauka ko bai sauka ba, zan shigo.

Sai na zo.
Yayanki